Kwanciyar Rani da Tseren Damina: Nazarin Rayuwar Ƙaramin Kwaɗon Sahel

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan rayuwar wani ƙaramin kwaɗo da ke zaune a busassun yankunan Afirka, tun daga gaɓar Tekun Atilantika har zuwa ta Bahar Maliya, wanda masana kimiyyar halittu ke kira Sclerophrys pentoni. Manufar maƙalar ita ce amsa tambayar da mai lura kan yi a farkon damina: ina kwaɗi suke shiga tsawon rani, kuma ta yaya halittar da fatarta ba ta riƙe ruwa take tsira a ƙasar da kan yi wata bakwai zuwa tara ba a ga ɗigon ruwan sama ba? An bi rayuwar kwaɗon daki-daki, daga shigarsa ƙasa zuwa fitowarsa da hayayyafarsa, ta hanyar dogaro da abin da masana suka tabbatar a kansa da a kan takwarorinsa na wasu hamadu, tare da sanin da Bahaushe manomi yake da shi. Maƙalar ta nuna cewa kwaɗon kauce wa fari yake yi, kuma rayuwarsa kacokan ta rataya ne a kan abu biyu: ƙasa mai laushi da zai binne kansa, da ɗan tafkin da ba ya daɗewa.

Fitilun Kalmomi: kwaɗo, Sahel, kwanciyar rani, rikiɗa, tafki, damina

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi yana da sautin da aka san shi da shi. Filin da jiya ba a jin komai a cikinsa sai kukan gyare, yau sai ya kaure da kukan kwaɗi, har mai barci a bakin tafki ya kasa runtsawa. Bayan 'yan makonni kuma sai a wayi gari a ga ƙananan kwaɗi, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba, sun cika hanya suna tsalle-tsalle. Saurin bayyanarsu ya sa a wurare da dama na duniya, har da ƙasar Hausa, ake samun masu cewa daga sama suke faɗowa tare da ruwa.

Wannan zato yana da dalilinsa, domin yanayin yankin bai yi kama da wanda zai raya kwaɗo ba. Ruwan da ake samu a Kano a shekara yakan kai milimita 800 ko fiye, na Damagaram kuwa yana kusa da milimita 400, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Yuni da Satumba. A watan Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40 a inuwa, yashin da ke fili kuma ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Duk kwaɗon da ya zauna a sarari cikin irin wannan hali ba zai kai yamma da rai ba. Amma duk da haka, kowace damina sai sun dawo.

Maƙalar ta ɗauki jinsi guda a matsayin misali, domin a ga yadda wannan al'amari yake gudana. Inda aka kawo ma'auni ko adadi da aka samo daga wani jinsin kwaɗo na daban, an ambaci jinsin da kuma inda aka yi awon.

2.0 Suna da Matsayi

2.1 Kalmar Kwaɗo a Hausa

Kalmar kwaɗo, jam'i kwaɗi, tana ɗauke da halittu iri-iri da ido kan iya bambantawa. Da ita ake kiran mai santsin fata da dogayen ƙafafu wanda ba ya nisa da ruwa, da ita kuma ake kiran mai kaushin fata da gajerun ƙafafu wanda ke laɓewa a gindin randa. Akwai 'yan sunaye na musamman, kamar burduddugi, wato babban kwaɗon da wasu al'ummu ke ci, amma gama-garin sunan shi ya fi yawo a bakin jama'a. Kalmar ta kuma faɗaɗa ma'ana zuwa kwaɗon kulle ƙofa, yayin da kwaɗon zogale ya sha bamban da su ta fuskar karin sauti da tsawon wasali.

A wajen masana kimiyya, jinsunan kwaɗin duniya sun haura 7,000. Masu kaushin fata da ƙullutan dafi a bayan ido suna cikin gida guda da ake kira Bufonidae, mai jinsuna fiye da 600, kuma cikinsa ne kwaɗon da ake magana a kai yake. Domin sauƙin bayani, maƙalar za ta riƙa kiran sa kwaɗon binne, bisa aron sunan shukar binne da manomi kan yi a busasshiyar ƙasa ya bar iri yana jiran ruwa.

2.2 Sunan Kimiyya

Masanin dabbobi John Anderson, mutumin Sikotilan, shi ne ya fara bayyana wannan jinsi a rubuce a shekarar 1893, ya sa masa suna Bufo pentoni domin karrama wani likitan sojan Birtaniya mai suna Penton. An samo kwaɗin da ya yi nazari a kansu ne a lambunan Shaata da ke Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, wadda mahajjatan Afirka ta Yamma masu tafiya a ƙasa suka daɗe suna bi zuwa Jidda. A shekarar 2006 masana suka raba babban rukunin Bufo, suka ware yawancin kwaɗinsa na Afirka a ƙarƙashin sunan Amietophrynus. A 2016 kuma aka tabbatar da cewa sunan Sclerophrys, wanda Tschudi ya ƙirƙira tun 1838, shi ya riga, don haka shi ya cancanta. Wannan ne ya sa ake cin karo da kwaɗo ɗaya da suna fiye da ɗaya a rubuce-rubuce.

3.0 Siffa da Muhalli

Kwaɗon binne gajere ne, mai kauri, mai dunƙulallen jiki da gajeren baki. Tsawonsa daga baki zuwa ƙugu yana tsakanin kimanin santimita 5 da 9, mace kuma ta fi namiji girma. Launinsa yana saje da ƙasar da yake zaune a kai, daga ruwan toka zuwa ruwan ƙasa ko kore-kore, da dabbare-dabbare masu duhu a baya. A bayan kowane ido akwai faffaɗan ƙullutu mai tara dafi. Babbar alamarsa tana ƙafar baya: a gefen tafin ƙafar akwai wani tsiro mai tauri, mai baki kamar na fartanya, wanda da shi yake haƙa rami.

Ana samun sa a faɗin Sahel da busasshen dajin da ke kudu da shi, tun daga Muritaniya da Senegal, ta Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya da arewacin Kamaru, har zuwa Sudan da Eritiriya. Yana da 'yan'uwa biyu da ake yawan rikita shi da su. Na farko shi ne Sclerophrys regularis, kwaɗon gida da ake gani a makwarara da lambuna da bakin rijiya duk tsawon shekara. Na biyu shi ne Sclerophrys xeros, wanda aka bayyana a 1976, mai jan zane a bayan cinyoyi, da ke zama kusa da ruwa a busassun wurare, har cikin duwatsun Azbin. Waɗannan biyu suna neman inda danshi ya rage ne su raɓa. Shi kuwa kwaɗon binne yana iya zama a jigawa da filin da ba su da ruwa ko kaɗan a rani, don haka ba a cika ganin sa ba sai da damina.

4.0 Fata da Sha'anin Ruwa

Domin a fahimci dabarun kwaɗon, sai an fara sanin rauninsa. Ƙadangare da maciji suna da ɓawon fata mai hana ruwan jiki fita. Kwaɗo ba shi da wannan kariya. Fatarsa siririya ce, cike da ƙananan jijiyoyin jini, kuma ta nan yake shaƙar wani kaso na iskar da yake buƙata. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ruwa yana ƙafewa daga fatar yawancin kwaɗi kusan daidai da yadda yake ƙafewa daga buɗaɗɗen kwano. Kaushin fatar kwaɗon tudu bai canza wannan hukunci ba.

Sai dai ƙofar da ruwa ke fita ta nan ne kuma yake shiga. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. A ƙasan cikinsa, tsakanin cinyoyi, akwai wani yanki na fata da ya fi ko'ina yawan jijiyoyi. Idan ya ji ƙishi sai ya baje ƙafafu ya manna wannan wuri a kan ƙasa mai laima, ruwa ya riƙa ratsawa zuwa cikin jini. Abin da kwaɗon gindin randa yake yi ke nan idan aka gan shi ya lafe a jiƙaƙƙen yashi.

Ruwan da ya tsotsa yana taruwa ne a mafitsara, wadda a wajen kwaɗo salka ce ta ajiya. A wani kwaɗon tudu na Amurka ta Arewa, awon da aka yi ya nuna cewa ruwan mafitsara kan kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin jiki. Wannan ruwa tsarkakakke ne ƙwarai, gishirinsa kaɗan ne, kuma jiki yana iya janyo shi ya mayar cikin jini idan buƙata ta taso. Saboda haka, abin da yara ke kira fitsarin kwaɗo, wanda yakan saki idan an ɗauke shi, guzurinsa ne yake zubarwa don tsoro. Bugu da ƙari, kwaɗi masu binne kansu suna iya rasa ruwan da ya kai kashi 40 cikin 100 na nauyinsu su kuma farfaɗo, alhali ɗan Adam rashin kashi 15 zuwa 20 kan kai shi ga halaka.

5.0 Kwanciyar Rani

Da zarar ruwa ya ɗauke, tafkuna suka fara ja da baya, kwaɗon binne yakan nemi ƙasa mai laushi tun da sauran danshi. Da baya yake shiga: yana ture ƙasa da tsiron ƙafarsa, dama da hagu, yana nutsewa sannu a hankali har ƙasa ta rufe kansa. Ramin ba shi da baki, shi ya sa mai wucewa ba ya ganin alamar komai.

Amfanin zurfi a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa haƙa yashin rafi da rani ya tarar da sanyi da laima. Bambancin zafin rana da sanyin dare yana raguwa ne gwargwadon zurfi, ta yadda a kusan rabin mita da ƙyar ake jin sa. Iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa kuma cike take da tururin ruwa, ko da saman ya bushe ƙamas. A hamadar Arizona ta Amurka an tono kwaɗi masu irin wannan ɗabi'a a zurfin da ya kusa mita 1.

A can ƙasa jiki yakan rage aiki matuƙa. Numfashi da bugun zuciya su yi ƙasa, ciki ya daina neman abinci, kwaɗon ya koma rayuwa da kitsen da ya tara da damina, wanda ke ajiye cikin wasu 'yan yatsu rawaya kusa da ƙoda. Wannan hali ba baƙo ba ne ga masunta da manoman fadama, domin sun san gaiwa, kifin da ke binne kansa a taɓo, wanda Hausawa kan ce jikinsa yake ci kafin ruwa ya dawo.

Akwai kuma dabarar da ta shafi sinadari. Duk dabba tana fitar da dattin da ke samuwa daga narkewar furotin. Ɗan kwaɗo mai jela, da yake cikin ruwa yake, yana fitar da shi a matsayin amoniya, mai guba, wadda ruwa ke wankewa nan take. Babban kwaɗo kuwa hantarsa tana mayar da ita yuriya, sinadarin nan da manoma suka sani a takin zamani, wanda gubarsa kaɗan ce. Binciken da McClanahan ya yi a kan kwaɗon hamada Scaphiopus couchii a Arizona, cikin shekarun 1960 da 1970, ya nuna cewa kwaɗon da ke kwance a ƙasa yana riƙe yuriyar a jikinsa har ta taru. Kamar yadda gishiri ke janyo ruwa daga yankakken tumatir, haka yuriyar ke sa jikin kwaɗon ya fi ƙasar da ke kewaye da shi ƙarfin jan ruwa. Ta haka yake rage asara, wani lokaci ma ya samu ƙari daga ƙasar da hannu zai ji ta a bushe. Karin maganar nan da ke cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya ta dace da wannan hali daidai wa daida.

Wasu jinsunan suna ƙarawa da wata kariya. Manyan kwaɗin Afirka na rukunin Pyxicephalus, da wasu na Ostareliya, sukan saɓe fata sau da yawa ba tare da sun yar da ita ba, har ta zame musu kwanso mai rufe jiki duka ban da hanci. Kwaɗin gidan Bufonidae kuwa sun fi dogara ne da zurfin rami da ajiyar mafitsara.

6.0 Fitowa da Hayayyafa

Babbar matsalar mai kwana a ƙarƙashin ƙasa ita ce sanin lokacin tashi. Idan ya fito da wuri ya ƙone, idan ya makara ya tarar tafki ya fara ƙafewa. Yayyafi ba ya isa ya ta da shi. Ruwa mai ƙarfi ne, wanda ya ratsa ƙasa ya kuma cika kwazazzabai, yake fito da kwaɗin binne, shi ya sa sukan bayyana gaba ɗaya cikin dare guda. A game da kwaɗon Arizona, binciken Dimmitt da Ruibal na 1980 ya nuna cewa girgizar ƙasa da tsawa da saukar ruwa ke haifarwa ita ce babbar alamar da yake ji, tun kafin laima ta iso gare shi. An ma lura cewa rugugin babura a hamada yana iya yaudarar sa ya fito ba lokaci ba.

Maza ne suke fara isa bakin ruwa, su ne kuma masu kuka. Namiji yakan rufe baki da hanci, ya riƙa kai iska da komowa tsakanin huhu da wata jaka a maƙogwaronsa, jakar tana kumbura tana ƙara wa sautin ƙarfi. Kowane jinsi da irin kukansa, kuma da shi mace take gane nata a cikin hayaniyar tafki. Idan ta iso, namiji ya hau bayanta ya riƙe ta a hammata da ƙafafun gaba. Tana sakin ƙwai cikin ruwa, yana barbarar su a waje. Ƙwan kwaɗin wannan gida ba curi yake yi ba: yana fitowa ne a jere cikin dogayen igiyoyi biyu masu yauƙi, baƙaƙe, kamar tsakiyar da aka zarge, kuma mace ɗaya kan zuba dubbai. Daga nan iyaye sun gama nasu, kowa ya kama gabansa neman abinci.

Zaɓen ƙaramin ruwa mai saurin ƙafewa yana da hikima. Sabon tafki bai riga ya tara kifaye da manyan ƙwarin ruwa masu farauta ba. Ga shi ba zurfi, rana tana dumama shi, ɗumi kuma yana hanzarta girma. Busasshiyar ciyawa da kashin dabbobin da suka taru a wurin tun rani sukan jiƙa su zama abinci. Farashin wannan garaɓasa shi ne ƙarancin lokaci.

7.0 Tseren 'Ya'ya da Rana

Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin ɗan lokaci, a samu ƙananan halittu masu kai da jela, masu shaƙar iska a ruwa kamar kifi, suna kankarar gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Aikin da ke gabansu babba ne. Dole ƙafafun baya su tsiro, na gaba su ɓullo, huhu ya kammala, dogon hanjin cin ganye ya gajarce ya koma na cin ƙwari, baki ya faɗaɗa, jela kuma ta narke ta koma cikin jiki a matsayin abinci. Sinadarin da ƙullutun maƙoshi ke fitarwa shi ne yake jagorantar wannan rikiɗa.

Kwaɗon tudu na Turai yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ya kammala wannan zango. Na hamadar Arizona yana iya gamawa cikin kwana 8 zuwa 10. Kwaɗon binne yana cikin masu sauri, kwanakinsa a ruwa ba sa wuce 'yan makonni. Masana biyu, Forge da Barbault, sun bibiyi hayayyafarsa da girman 'ya'yansa a arewacin Senegal, suka buga sakamakon a 1977, 'yan shekaru bayan babban farin 1972 zuwa 1973.

An kuma tabbatar, ta gwaji a kan kwaɗin hamadar Amurka, cewa 'ya'yan suna jin raguwar ruwa, suna kuma ƙara saurin rikiɗa saboda ita. Sai dai saurin yana da illa, domin wanda ya fita da wuri yakan fita ƙarami, ƙaramin jiki kuwa ya fi saurin bushewa da saurin faɗawa bakin maƙiyi. Idan rana ta riga su, sai a tarar da su a dunƙule a gindin tafki, baƙin tabo a kan tsattsagen laka. Manomi ya san kwatankwacin wannan asara: a yi ruwan shuka, iri ya tsiro, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin.

Waɗanda suka tsira sukan fito da tsawon kusan santimita 1. Saboda ƙanƙantarsu, ba sa iya ratsa busasshen fili, don haka sukan laɓe a tsagar laka da gindin ciyawa a bakin tafki. Ranar da aka yi ruwa, ƙasa ta jiƙa, sai su bazu gaba ɗaya, ko da rana tsaka ne. Wannan fita ta bai-ɗaya ita ce asalin zancen saukar kwaɗi daga sama.

8.0 Abinci da Maƙiya

Babban kwaɗo yana da wata uku zuwa huɗu ne kacal da zai ci abincin shekara. Da dare yake farauta, kuma abu mai motsi kaɗai yake kamawa. Harshensa a gaban baki yake manne, yakan wurga shi ya dawo da ƙwaro kafin ƙiftawar ido. Tururuwa da gara da ƙananan ƙwari masu tauri su ne mafi yawan cimarsa. Fitowar shinge bayan ruwan farko ta zo masa a kan gaɓa, domin shinge yana da kitse sosai. An auna cewa kwaɗon Arizona yana iya cin shingen da ya haura rabin nauyin jikinsa a zama ɗaya, abin da zai iya riƙe shi har wata damina. Ta wannan fuska kwaɗo abokin manomi ne, domin cikin abin da yake ci akwai masu ɓarna a gona da rumbu.

Maƙiyansa ma da damina suke zuwa. Shamuwa, wadda isowarta ke yi wa Bahaushe albishir da ruwa, da balbela da zalɓe suna kiwo a bakin tafki. Kififiya da tsutsotsin ƙwarin ruwa suna cin 'ya'yan. Kariyar babban kwaɗo ita ce farin ruwan da ke fita daga ƙullutan bayan idonsa, mai ɗaci, mai ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya. Karen da ya cafke shi yakan tofar yana dalalar da miyau. Dafin ba ya ratsa lafiyayyar fatar hannu, amma yana da zafi a ido da baki. Wasu macizai kuwa dafin ba ya yi musu komai, kwaɗi ne ma babban abincinsu. Idan ya gamu da irinsu, sai ya kumbura jiki ya miƙe a kan ƙafafu domin ya gagari haɗiya.

9.0 Abin da Ke Barazana ga Rayuwarsa

Ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke fuskantar ɓacewa, ta sanya wannan jinsi cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, saboda faɗin yankin da yake zaune. Amma binciken duniya da aka buga a 2023 ya nuna cewa kusan kashi 41 cikin 100 na jinsunan kwaɗi da danginsu suna cikin haɗari, kaso mafi girma a tsakanin rukunonin dabbobi masu ƙashin baya. Jinsi yana iya wanzuwa a taswira alhali ya ɓace daga wani gari ko wata gunduma.

Barazana ta farko ita ce rashin wurin haihuwa. Ɗan Adam ya daɗe yana samar wa kwaɗi tafkuna ba da niyya ba, ta ramukan da ake ɗibar ƙasar gini da na gefen hanya da mashayar dabbobi. A yau faɗaɗar garuruwa tana cike kududdufai da kwaruruka ana gini a kansu, waɗanda suka rage kuma shara da ruwan kwata suna gurɓata su. Ta biyu ita ce maganin feshi na ƙwari da na ciyawa. Fatar da ke tsotsar ruwa ba ta tace guba, kuma ruwan farko da ke wanke gonaki cikin tafkin da ake haihuwa yake zuba. Ta uku ita ce rikicewar farkon damina. Kwaɗon da ya fito ya zuba ƙwansa a ruwan da bai ɗore ba ya yi asarar 'ya'ya da kitse gaba ɗaya. Yana iya jure shekara ɗaya irin wannan, tun da yakan rayu ya ga damina fiye da ɗaya, amma jerin munanan shekaru, irin na 1983 zuwa 1984, yana iya rage yawansa ƙwarai a wuri.

10.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa kwaɗon binne bai mallaki fata mai hana ƙishi ba. Abin da ya mallaka shi ne ƙafar haƙa rami, da mafitsarar ajiye ruwa, da jikin da ke iya rage aiki na tsawon watanni, da 'ya'ya masu saurin rikiɗa. Da waɗannan yake raba shekara gida biyu: dogon zango a ƙarƙashin ƙasa da gajeren zango a samanta. Kare shi ba ya buƙatar wani babban tanadi illa barin wasu ƙananan tafkuna yadda suke, da nisanta wankin kayan feshi daga bakinsu.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa. Manoma da makiyaya da masu haƙar rijiya da masunta suna cin karo da waɗannan halittu a cikin ƙasa da bakin ruwa, suna bambanta kukansu, suna kuma danganta shi da lokacin shuka. Tattara sunayen da suke kiran kowane iri da su a karuruwan harshe daban-daban, daga Sakkwato zuwa Damagaram da Haɗeja, da daidaita su da sunayen kimiyya, zai wadata ƙamus, ya kuma bai wa masana halittu bayanin inda kowane jinsi yake. Yawancin masu wannan sani dattawa ne, kuma yaron da ya tashi a unguwar da aka cike kududdufinta ba zai ji kukan da zai sa ya tambayi sunan mai yin sa ba.